Shafi na Sha Tara

A gidan rediyon nan babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Masu gadi, direbobi, har Manaja, kowa Anti Shafi yake ce mata, kuma yaran da ke sauraronta ne suka laƙaba mata sunan. Shekara goma sha bakwai tana da minti ashirin duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, tana ba matasa labarin littattafan da aka rubuta dominsu, da finafinan da suka fito, da wasannin da ake yi a dandamali. Takan fara da labarai: wane ya gama sabon littafi, 'yan wasan kwaikwayo na makaranta kaza za su hau dandamali ranar kaza, fim kaza an sake ɗage fitowarsa. Wannan duk shimfiɗa ce. Abin da yara ke jira shi ne minti goma na ƙarshe, inda za ta ɗauki littafi guda ta faɗi shafin da ta kai ta ajiye shi. In littafi ya ja ta har ƙarshe sai ta ce, "Wannan na kai bango," marubucin ya yi mako guda yana amsa barka. In kuwa ta ce a shafi na arba'in ta tsaya, to sai a je a yi masa jaje. Abin da zan ba ku labari shi ne ranar da ta tsaya a shafi na sha tara a littafin 'yar cikinta, ba ta sani ba, da kuma yadda ta yi ta neman hanyar da yarinyar za ta sake ɗaukar biro.

Asalinta malamar sakandare ce, irin malaman nan da ake jin takun takalminsu tun daga baranda aji ya yi tsit. Shigarta rediyo ma faɗa ne ya kai ta. Akwai wani mai gabatar da shirin kafin ita, mutum mai daɗin baki, wanda duk littafin da aka miƙa masa sai ya ce ba a taɓa yin irinsa ba. Ta rubuta wa gidan rediyon wasiƙa shafi uku tana tambaya ko mutumin nan ya iya karatu ne ma. Manajan wancan lokacin ya yi dariya har da hawaye, ya aika aka kira ta, ya ce tunda ta fi kowa iyawa ga kujera nan. Ya ɗauka za ta ji kunya ta tafi. Zama ta yi.

A shekararta ta uku ta yi abin da har yau in ta tuna sai kunya ta kama ta. Tsohon malaminta, wanda ya koya mata son karatu tun tana ƙarama, ya kawo mata littafinsa da hannunsa. Littafin ba shi da rai ko kaɗan, nasiha ce aka jera aka ɗaura mata sunayen yara. Ta kalli furfurar mutumin, nauyinsa ya kama ta, ta shiga ɗakin shiri ta yaba. Bayan mako biyu wata 'yar aji uku ta aiko mata da takardar da ta yago daga littafin lissafi. Ta ce saboda yabon Anti ne ta nemi littafin, kuma sau uku barci yana ɗauke ta kafin babi na biyu, don haka ko dai Anti ba ta karanta ba ko kuma ta yi musu ƙarya. Anti Shafi ta karanta takardar a tsaye, ta sake karantawa a zaune, ta sha alwashin ba za ta ƙara ganin sunan marubuci ba sai ta gama yanke hukunci.

Daga nan tsarinta ya samo asali. Duk littafin da aka kawo, wurin Sakatariya yake fara tsayawa, wata mata mai fara'a da ke zaune a teburin bakin ƙofa da almakashi da gam da salatif a aljihun tebur. Sakatariya za ta lulluɓe bangon gaba da na baya da takarda mai kauri, ta manne shafukan farko da ke ɗauke da suna, ta rubuta lamba a kai da jan biro. Anti ba ta yage takardar sai a gaban makirufo, bayan ta gama faɗin ra'ayinta, sannan ta karanta sunan, ita da masu sauraro su ji shi lokaci guda. Fim kuwa ba ta shiga zauren sai sunaye sun gama wucewa. A wasan dandamali ba ta karɓar takardar da ake rabawa a ƙofa, kujerar ƙarshe take zama kusa da mafita, agogo a hannu. 'Yan wasa kan leƙo ta gefen labule su ga ko kujerar nan ta zama wayam. Akwai wani yaro da ya manta maganarsa gaba ɗaya don ya hango ta tana gyara jaka, alhali alawar tari kawai take nema.

Mutane suna cewa ba ta da sauƙi, ita kuma tana jin daɗin a faɗa. Takan ce da zarar ka ga sunan mutum ka daina ganin aikinsa, sai dai ka ga uwarsa da ubansa da gaisuwar da ya yi maka bara. Wannan maganar ta faɗe ta a rediyo ta fi sau ɗari, ta kuma faɗe ta a gida, inda babu wanda ya tambaye ta.

Don a gida ma fensirin bai huta ba. 'Ya'yanta uku. Manyan biyu sun yi nisa da aiki, kuma saƙonsu na waya ba ya wuce layi biyu, don sun san za a dawo musu da gyara. Maigidanta tsohon direban bas ne, mutum mai sanyin hali da ƙarar inji ta ci masa kunne, wanda duk Asabar yake zama gaban rediyo da kofin shayi kamar mai gadin akwatin. Sai Auta, wadda ta rage a gida, tana aiki a wani kantin magani da ke kan babban titi. Auta ba ta da hayaniya. Tana 'yar shekara sha biyu ta taɓa rubuta labari shafi huɗu ta kawo wa uwarta tana murmushi, aka dawo mata da shi da layin fensir a tsakiyar shafi na biyu, an rubuta a gefe: nan na gaji. Anti ta manta da wannan tun a makon. Abin da ta lura da shi kawai shi ne yarinyar ba ta da sha'awar rubutu, har takan faɗa wa ƙawayenta cewa duk cikin 'ya'yanta babu wanda ya gado ta.

Ashe shekara huɗu Auta tana rubutu a ƙaramin teburin ɗakinta, da safe kafin ta fita, da ranar hutunta. Da ta gama ta kai wa wata 'yar ƙaramar maɗaba'a aka buga mata, ta kawo kwalaye biyu ta tura ƙarƙashin gado. Wata Talata a lokacin cin abincin rana ta zo gidan rediyo da farar rigarta ta aiki, ta ajiye kwafi ɗaya gaban Sakatariya, ta roƙe ta don Allah kada ta faɗa. Sakatariya ta ga sunan, ta dafe ƙirji, baki har kunne. Ita a ranta ta riga ta gama tsara yadda abin zai kasance: Anti za ta kai bango, ta yage takarda, ta ga sunan 'yarta, ta fashe da kukan daɗi duk gari yana ji. Ba ta buɗe littafin ba, ita dama ba ta karanta komai sai saƙon waya. Ta lulluɓe shi da kyau fiye da yadda take yi wa sauran, ta rubuta lamba ɗari huɗu da shida.

Ranar Alhamis da hantsi Anti ta zauna a baranda da littafin. Makon bai yi mata daɗi ba. Haƙori yana damunta, kuma daren jiya ta fita daga wani wasa a minti na ashirin da biyu. Ta buɗe, sai ga abin da ta fi tsana a duniya. Yaro ɗan masu hali da motar babansa, yarinya ta zubar da littattafanta a ƙofar makaranta, ruwan sama ya sauko daidai lokacin, ido ya haɗu da ido. Ta ga wannan ƙofar makarantar a finafinai sun fi talatin. Ta daure, ta yi ta juya shafi tana tsaki, har yaron ya cire rigarsa ta sama ya yafa wa yarinyar. Nan ta ja layi da fensir ta rufe. Daga baya ne ta tuna cewa a lokacin Auta tana tsakar gida tana shanya, kuma ta daɗe riƙe da zanen gado ɗaya ba ta rataye shi ba.

Asabar ta zo. Ta gama labaran mako, Injiniyan sauti ya ɗaga mata yatsa ta bayan gilashi alamar saura minti goma, ta jawo littafin.

"Mai lamba ɗari huɗu da shida," ta ce, "na tsaya a shafi na sha tara. Kada ma wani ya ce na yi gaggawa, haƙuri ne ya kai ni can. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa ya kalli mutum ba, talabijin yake kallo. Ba shi da abin faɗa, bakin wasu ya ara. Shawarata gare shi, ko gare ta, in akwai sana'a a hannu a riƙe ta da kyau, a bar takarda ta huta."

Ta ji daɗin jimlar ƙarshen nan, har ta ɗan murmusa. Ta sa almakashi ta yanke salatif, takardar ta yi ƙarar da masu sauraro suka sani suke kuma jira. Sai ta ga sunan da ita da bakinta ta zaɓa shekara ashirin da huɗu da suka wuce, da sunan maigidanta a bayansa.

Shirun bai wuce daƙiƙa biyar ba, amma a rediyo daƙiƙa biyar shekara ce. Injiniya ya miƙe yana juya hannu. Tana da hanyoyin fita sun fi uku. Za ta iya cewa lokaci ya ƙare. Za ta iya yin tari, Injiniya ya saki kiɗa. Za ta iya cewa gam ya cinye sunan, wa zai ƙaryata ta? Amma shekara sha huɗu bakinta yana yin abu ɗaya bayan ƙarar takardar nan, kuma a ƙasan zuciyarta akwai wata muguwar murya da ke cewa in ta ɓoye wannan, duk waɗanda ta yanka a baya ta zalunce su ke nan. Ta karanta sunan, da muryarta ta kullum, har da sunan maɗaba'ar. Ni dai har gobe ban san ko jarumta ce wannan ko taurin kai ba, ita ma ba ta sani ba.

Da ta fito Sakatariya tana kuka a bakin ƙofa tana cewa ita alheri ta nufa. Anti ba ta ko kalle ta ba. A bas ɗin komawa gida ta yi ta shirya abin da za ta faɗa, duk jimlar da ta haɗa sai ta ji ita kanta ba za ta wuce ta ba in a littafi ta gan ta.

Ta tarar da falo yadda ta saba tarar da shi. Auta ta ce mata sannu da zuwa, ta karɓi jakarta, ta kawo ruwa. Idonta a bushe. Maigidan kuwa ya ɗago da fara'arsa ya ce, "Malama, yau ma kin yi aiki. Shafi na sha tara, ko? Ai gara da kika faɗi gaskiya." Maganar ta soke ta har ƙashi. Shekara talatin ba ta taɓa jin ya yi mata gatse ba, sai yau. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito cin abinci ba.

Washegari da safe, bayan Auta ta tafi kanti, ta ɗauko littafin ta ci gaba daga inda layin fensir yake. A shafi na ashirin da uku yaron mai mota ya ja motarsa ya tafi, bai sake bayyana ba har ƙarshe. Yarinyar ta koma gida da jiƙaƙƙun littattafanta, kuma a gidan ne labarin yake. Uba ne da kunnensa ke mutuwa a hankali yana ɓoyewa, yana dariya in ya ga an yi dariya, yana gyaɗa kai a inda ya kamata da inda bai kamata ba. Uwar mai karanta labarai ce a rediyo, mace mai kaifin harshe da kowa ke shakka. Duk ranar da take aiki sai uban ya zauna gaban akwatin, 'yar ta saurara ta rubuta masa abu uku a 'yar takarda, ya haddace, don in matar ta dawo ya sami abin da zai ce mata. Yana tsoron ranar da za ta gane muryarta ba ta isa gare shi, don ya san ita ce abin da ta fi taƙama da shi.

Anti ta ajiye littafin a shafi na sittin, ba don gajiya ba. Ta fito falo, maigidan yana waje yana wanke tsohon kekensa. Ta ɗaga ƙyallen da ke ƙarƙashin rediyo. Takardun suna nan, ƙanana, an yanko su daga kwalin magani, sun isa cika hannu. Ta karanta wasu: Ta yabi fim ɗin 'yan ƙwallo. Ta fita daga wasa a minti na talatin. Ka ce muryarta ta fita sosai yau. Ta saman ita ce ta jiya, da rubutun Auta mai tsabta, ko karkacewa babu: Littafin yau bai yi mata ba. Shafi na sha tara. Ka ce gara da ta faɗi gaskiya. Ashe mutumin ba gatse ya yi ba, bai ma san littafin wa ake magana ba. Yarinyar ta ji uwarta ta ce mata ta bar takarda ta huta, sannan ta ɗauki biro ta rubuta wa ubanta abin da zai faɗa don ya faranta wa uwar rai.

Ta koma ta ƙarasa littafin kafin azahar. Akwai kurakurai, akwai babi guda da ya kamata a cire, farkon kuma har yanzu bai da kyau, wannan ba ta canza ra'ayi ba. Amma a shekara sha bakwai ba ta karanta littafin matasa biyar da suka kai shi ba. Ta zauna a bakin gado da shi a cinya, baƙin ciki ya cika ta, irin wanda ba ya fita da kuka.

Ta gwada yin maganar a gida sau uku. Duk lokacin sai Auta ta tare ta da ladabi, ta ce ba komai Mama, ai aikinki ne, sannan ta tuna akwai tukunya a kan wuta. Da ma ta yi fushi, da ma ta ɗaga murya ko ta ƙi gaishe ta, da Anti ta san inda za ta kama. Ladabin ne ya hana ta ko kusantowa. Cikin makon kwalayen ƙarƙashin gado suka ɓace, ba wanda ya ga fitarsu. Mako na biyu ta ga maƙwabciyarsu tana ɗora keken ɗinki a kan wani ƙaramin tebur da ta sani, matar ta ce Auta ce ta ba ta, wai ba ta da abin yi da shi.

A waje kuwa Anti Shafi ba ta taɓa yin tashe irin na wannan lokacin ba. Wani ya yanko wurin daga shirin ya sa a waya, ya zaga ko'ina, har da shirun daƙiƙa biyar ɗin. Iyaye suna nuna wa 'ya'yansu, malamai suna kawo misali da ita a aji. A bas wani dattijo ya tashi ya ba ta kujera, ya ce da ana samun irinta goma da ƙasa ta gyaru. Yara kuma suka mai da abin wasa, duk wanda ya cika surutu sai a ce masa ya isa haka, mun kai sha tara. Sakatariya ce ta faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa, cewa 'yan makaranta suna shiga kantin maganin ba don sayen komai ba, su kalli Auta su fita suna ƙyalƙyala dariya.

Aikin ma ya lalace mata a hannu. Duk littafin da Sakatariya ta miƙo mata a lulluɓe, sai ta yi ta juya shi tana tunanin ko na wa ne. Tana kai wurin da ya kamata ta ja layi sai ta ce bari dai ta ƙara shafi biyar, wa ya san abin da ke shafi na ashirin da uku. Ta kuma fara tunanin na baya, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, nawa ne a cikinsu motarsu ta tafi bayan ta rufe littafi? Asabar uku a jere tana cewa ta kai bango, a littattafan da da can ko rabi ba za ta kai ba. Yara suka fara aiko saƙo suna tambaya ko Anti ba ta da lafiya ne.

Ta je ofishin Manaja ta ce tana so ta sake magana a kan mai lamba ɗari huɗu da shida. Manajan yanzu matashi ne mai yawan murmushi, ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata lemo, sannan ya ƙi. Ya tuna mata cewa ita da kanta ta kafa dokar ba a maimaita littafi. Ya ce abin da ta yi ranar nan shi ne mafi daraja da gidan ya taɓa watsawa, in ta koma ta warware sai a ce dama wasa aka shirya. Ya ce ta yi haƙuri, yara suna mantuwa. Ta ce masa ta gode, ta bar lemon ba ta taɓa ba.

Asabar ta huɗu ta shiga da wani littafi a lulluɓe don Injiniya ya gani, ta ajiye shi gefe, ta fito da na Auta daga jaka. Minti goma ta yi tana magana. Ta ce ta yi kuskure, ta ce laifin tsarinta ne ba na marubuciyar ba, ta karanta sakin layi biyu daga babi na bakwai. Ta ce ta kai bango sau uku. Kafin ta cire abin kunne saƙonni sun fara shigowa a allon Injiniya, ya yi ƙoƙarin juya allon amma ta riga ta gani. Uwa dai uwa ce. An sha faɗa a gida. Ashe Anti ma tana da nata. Wani ya rubuta cewa shi bai ga laifinta ba, ko shi ne haka zai yi wa ɗansa, wannan kuma ya fi sauran yi mata ciwo.

Ba ta bi ta gida ba, kai tsaye ta wuce kantin maganin, don ta san wannan Asabar ɗin Auta tana aiki. Wuri ne ƙarami mai sanyin fanka, da doguwar kanta ta gilashi da ma'aunin nauyi a kusurwa. Auta tana bayan kantar tana jera kwalabe. Babu kowa, mai kantin ya fita. Anti ta tsaya kamar mai jiran a tambaye ta me take so, sannan ta tambaya ko ta ji shirin. Auta ta ce ta ji, mai kantin ya kunna, ta kuma gode.

"Ba don ke 'yata ba ce na faɗa," Anti ta ce. "Wallahi littafin nan yana da kyau. Da wani ne ya rubuta ma haka zan ce."

Auta ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ba ta ɗaure fuska ba, ta dai yi magana a hankali kamar mai yi wa mara lafiya bayani. "Na san haka kike ji a ranki, Mama. Amma ni ta yaya zan sani? Ke kika koya mana in an ga sunan mutum an daina ganin aikinsa. Tun ina 'yar shekara goma nake jin haka, kuma na yarda da ke. Shi ya sa ban miƙa miki a gida ba, na kai inda kowa yake kaiwa. Sau ɗaya ne kawai za ki iya karanta ni ba ki san ni ba ce, kuma an riga an yi."

Anti ta ce ai ba ta kai inda labarin yake ba, shafi huɗu kawai ya rage. Auta ta ce ta sani, ta ga inda yatsanta ya tsaya tun ranar Alhamis ɗin, amma sauran ma da aka ajiye nasu ba wanda ya ƙara musu shafi huɗu. Anti ta dafa gilashin kantar. Ta ce to ta rubuta wani, ta sa sunan da ba nata ba, ta aika ta hannun wani, ita ba za ta sani ba.

"Za ki sani. Ko ba ki sani ba za ki yi zato. Mako uku ke nan kina nemana a cikin littattafan mutane, duk na ji." Auta ta sake ɗaukar kwalbar da ta ajiye. "Ki bar shi kawai, Mama. Ina da sana'a a hannu."

Babu gatse a muryarta, Anti ta saurara da kyau tana fatan ta ji shi, ba ta ji ba. Ƙofa ta buɗe a bayanta, iskar titi ta shigo.

"Mama, ɗan matsa kaɗan, akwai mutum a bayanki."

Ta matsa kusurwa kusa da ma'aunin. Wani tsoho ne da takardar likita a hannu. Auta ta karɓa ta duba, ta ɗauko magani iri biyu, ta sunkuyo daidai fuskarsa ta yi masa bayani dalla-dalla, ba kalmar da ta yi yawa, ba wadda ta rage. Tsohon ya ce shi mantuwa gare shi, ta rubuta masa. Auta ta zaro biro daga aljihun farar rigarta, ta juya kwalin ta rubuta da hannun nan nata mai tsabta: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan an ci abinci. Anti ta miƙa wuya daga inda take ta karanta har ƙarshe. Auta ta rufe biron ta mayar aljihu, ta ce wa tsohon Allah ya ƙara sauƙi.